Wa Ak Koro Ka?

Likita ya ɗaga takardar gwaji sama
kamar mai duba jabun kuɗi.
Ya ce suga ya hau, jini ya hau.
Ya ce, Malam, ka riƙa tafiya.
Na ce ai kullum cikin tafiya nake.
Ya ce ban da wadda mota ke yi maka.

Sai na sayi farin kambas a Tsohuwar Kasuwa
da agogo mai ƙirga taku,
ni mai digiri uku a bango
da tumbi ɗaya a gaba.

Bayan asuba, hanyar Giginya.
Obiora mai kayan gyaran mota ya riga ni,
gajeren wando, tawul a wuya,
yana gudu ba ya neman izinin idon kowa.
Sista Ronke ta asibitin koyarwa
tana kaɗa hannu kamar mai rabon faɗa.
Sajan Manga, Badakkare, ɗan fansho,
saba'in da ɗoriya, ciki kamar faifai,
ya ce tun kokawar ƙuruciya
bai taɓa sallamar jikinsa ba.

Ni kuwa na rufe wandon gudu da jallabiya
kada surukina ya hango ni.
A gidanmu babba ba ya sauri.
Da nauyin taku ake auna mutum,
in wuya ya yi kauri a ce hutu ya karɓe ka.

Wajen Gawon Nama na ci karo da Jibo,
Bazabarme, yana tura kurar ruwa,
jarka goma sha biyu, gumi har ƙugu,
ba likitan da ya rubuta masa.
Ya tsaya ya ga ina haki,
ya leƙa bayana: ba kare, ba gobara.
"Malam, mi af faru? Wa ak koro ka?"

Na so in ce kujera.
Bencin aji ɗaya, mai ƙusa,
kujerar ɗakin karatu,
mai juyawar nan ta ofis a Dundaye.
Shekara talatin tana bi na a zaune.
Sai na ce, lahiya lau.

Daso ta wuce da ƙwaryar nono a ka
tun daga rugarsu bayan Kwannawa.
Da agogona a hannunta yake
da ya gaji da lissafi kafin hantsi.
Ta taɓa gaya mini burinta:
ɗanta ya yi boko, ya sami ofis mai sanyi,
ya zauna.
Na ce amin. Me zan ce?

Haka babana ya so mini.
Albasa ya noma a fadamar Kwalkwalawa,
ya sayar da buhu ya sayo littafi
don kada bayana ya lanƙwashe kamar nasa.
Har makon da ya rasu yana hawa keke.
Ni ke ajiye allura a firij.

Kulu, matata, malamar lissafi ce,
ta san duk abin da likita ya sani,
amma titi da bakin mutane yake.
Bayan isha'i tana zagaya tsakar gida,
daga rijiya zuwa gindin lemo,
sau tamanin, ta ce, kilomita ɗaya da 'yan kai.
Kaji sun saba, sun daina tashi.

Yau na sake tarar da Jibo a hawa,
tayar kura ta faɗa rami.
Na naɗe jallabiya, na sa hannu biyu.
Ya ce, za ka ɓata takalmi, Malam.
Muka tura.
Ruwa na fantsama, ƙirjina na dukan ganga,
muka tura har ƙofar gidan burodi.

Na duba agogo.
Hannuna na kan ƙarfe, bai motsa ba,
don haka bai ƙirga ko ɗaya ba.
Jibo ya miƙo mini moɗa.